Mun Ƙetare Teku, Titi Ya Gagare Mu

Bahaushen da ya sauka a filin jirgin saman Dulles, in dai akwai lambar wayar ɗan gari a aljihunsa, ba ya kwana uku bai ci tuwo ba. Za a ɗauko shi, a shimfiɗa masa katifa a falo, a nuna masa shagon da ake sayar da kuka da daddawa da manja a Hyattsville ko Lanham, a jefa shi cikin zauren WhatsApp na 'yan arewa. Kafin wata ya ƙare an samo masa abin yi, galibi kula da tsofaffi, ko gadi, ko tuƙin Uber. In Musulmi ne an nuna masa masallacin Juma'a. In Kirista ne an ce masa ga inda muke sujada, ƙarfe goma sha ɗaya, kada ka makara, mata sun soya waina.

Wannan rahama ce, kuma na ci moriyarta. Shekarata goma sha huɗu ke nan a gundumar Prince George's ta jihar Maryland, inda 'yan Najeriya suka yi yawa har mutum kan manta a wace ƙasa yake in ya shiga wasu shagunan. Ina aikin jinya, mijina yana koyarwa, yaranmu a nan suka yi wayo. Sai dai rahamar tana da katanga. Mutum zai iya shekara goma a nan yana zagaye tsakanin wurin aiki da coci da shagon kayan miya da gidan suna, bai taɓa cire takalminsa a ƙofar wanda ba ɗan gida ba. Mun san sunan kowane ƙauye tsakanin Kafanchan da Funtuwa, amma maƙwabcin da bango ɗaya ya raba mu da shi, da launin motarsa muka san shi.

Ni Kirista ce, 'yar Zariya, kuma na san da yawa cikin masu karanta wannan mujalla Musulmi ne. Ku yi haƙuri da ni, zan yi magana da kalmomin gidanmu, amma ina jin za ku gane kanku a ciki.

A ikkilisiya muna da wata kalma da ba ta barin bakinmu, wato kira. Mukan ce Allah ya kira wane, wance ta amsa kira. Yawanci idan an faɗe ta, fasto ake nufi ko mai bishara, wanda ya bar aikin gwamnati ya tafi makarantar tauhidi a Kagoro ko Jos. Mu da muke ƙetare kuma muna da wata hanya mai daɗi ta sallamar kalmar. Masu wa'azi suna son karanta mana labarin Ibrahim a Littafin Farawa sura 12, yadda Ubangiji ya umarce shi ya bar ƙasarsa da danginsa yana da shekara 75, ya kama hanya bai san inda za shi ba. Sai mu gyaɗa kai, mu ce ai mu ne. Mun bar uwa da uba, mun ƙetare teku. To, amma a faɗi gaskiya: karatu ya kawo wasunmu, aure ya kawo wasu, wasu cacar biza a lokacin da 'yan Najeriya ke iya shiga. Mun san inda za mu, mun ma ga hotonsa. Barin gida da wuya, ban raina shi ba. Sai dai da muka iso, mun kafa sabon turke, mun ɗaure kanmu a jikinsa, kuma Hausawa sun riga sun faɗi abin da sabo yake.

Kaburbura biyu

Addinin da nake ciki bai iso ƙasarmu a kan gadon hutu ba. A watan Disamba na 1893 wasu samari uku suka sauka a Legas da niyyar shiga ƙasar Hausa: Walter Gowans da Rowland Bingham daga Kanada, da Thomas Kent daga Amurka. Cikin 1894 ciwo ya kashe Kent a Bida, ya kashe Gowans a Girku. Bingham kaɗai ya koma da rai, kuma daga wannan tafiya da ta yi kama da asara aka sami mishan ɗin SIM, wadda daga baya ta haifi ikkilisiyar ECWA a 1954. A 1900 Bishop Tugwell da Dokta Walter Miller suka isa Kano, Sarki Aliyu ya ce su tattara su fita. Miller ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, a 1929 mishan ta koma Wusasa, a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa.

Tarihin Turawan mishan yana da gefen da ba shi da daɗin ji. Sun zo a zamanin da 'yan ƙasarsu suka zo da bindiga, wasunsu kuma sun raina mutanen da suka ce sun zo ceta. Shi ya sa ni waɗanda suka fi tsaya mini a rai su ne namu, masu bisharar ƙungiyar EMS da aka kafa a 1948, da ire-irensu na sauran ikkilisiyoyi. Kakata ta sha ba ni labarin wanda ya zo ƙauyensu na Maguzawa a kan keke, da matarsa da buhun dawa guda. An ba su bukka a bayan gari. Da damina ya yi noma kamar kowa, da rani ya koya wa yara karatu a gindin tsamiya. Ɗansu na fari a can ya rasu, a can aka binne shi, ba su tafi ba. Nisan garinsu da ƙauyen bai kai tafiyar yini biyu ba, amma harshensu daban, abincinsu daban, kuma ba wanda ya gayyace su.

Mu jikokin waɗanda aka je wa ne. Wannan ne ya sa abin da na gani a titin Columbia ya dame ni.

Titin Columbia

A unguwar Adams Morgan cikin birnin Washington, a gefen titin Columbia, akwai wani mutum-mutumin tagulla na Yesu a durƙushe da kwanon ruwa a gabansa, kamar yana jiran ƙafar da zai wanke. Ginin da ke bayansa shi ake kira Christ House. An buɗe shi a jajiberin Kirsimeti na 1985 domin marasa matsuguni da ba su da lafiya, irin waɗanda asibiti ya sallama alhali ba su da ɗakin da za su yi jinya. Mai ciwon sukari da aka yanke wa yatsa, in ya koma kwana a bakin titi cikin sanyin Janairu, ƙafar ce za ta bi yatsan. Mu ma'aikatan jinya mun san wannan. Gadajen gidan talatin ne da 'yan kai. Wata abokiyar aikina da ke zuwa taimako a can ita ta fara kai ni.

Likitar da ta kafa gidan, Janelle Goetcheus, 'yar jihar Indiana ce. Ita da mijinta Allen, wanda fasto ne, sun shirya tsaf za su tafi aikin mishan a Pakistan. Suna jiran biza suka ziyarci Washington, aka zagaya da su gidajen talakawan Adams Morgan, 'yar tafiya kaɗan daga fadar White House. Abin da ta gani ya sa a 1976 suka kwaso yaransu suka dawo nan. Da aka buɗe Christ House kuma, cikinsa suka tare, a saman bene, marasa lafiya a ƙasa.

Ikkilisiyar da ta jawo su sunanta Church of the Saviour, wato Ikkilisiyar Mai Ceto. Gordon Cosby ne ya kafa ta da matarsa Mary a 1947, da mutum tara. Cosby ya yi limancin sojoji a Yaƙin Duniya na Biyu, yana cikin rundunar Amurka da ta shiga Normandy ta Faransa a 1944. Ya binne samari da yawa, ya kuma lura cewa da yawansu sun girma cikin coci amma abin da aka ba su bai ishe su fuskantar mutuwa ba. Ya dawo da ƙudurin kafa ikkilisiyar da shiga cikinta zai yi tsada. Kafin a karɓe ka sai ka yi dogon karatu a ajinsu. In an karɓe ka, za ka riƙa keɓe lokacin addu'a kullum, ka ba da aƙalla kashi ɗaya cikin goma na abin da kake samu, ka shiga wata ƙaramar ƙungiyar hidima. Kowace shekara kuma za ka sake ɗaukar alkawari ko ka janye. Baƙaƙe da farare suna sujada tare tun daga farko, a lokacin da makarantu da gidajen abinci na Washington ke ware mutane bisa launin fata.

Ba su taɓa yawa ba. A Kaduna ko Jos, ajin Lahadi na yara a coci guda zai fi su. Amma dubi abin da ya fito daga hannunsu. A 1960 suka buɗe gidan shan gahawa mai suna Potter's House a titin Columbia, domin wanda ba zai taɓa taka ƙofar coci ba ya sami wurin zama a yi hira. A 1965 suka kafa ƙungiyar da ta yi fafutukar fitar da yara daga Junior Village, wani katafaren gidan marayu na hukumar birnin da yara ke shan wahala a ciki, har aka rufe shi a 1973. A shekarar ce kuma suka fara Jubilee Housing, suna sayen tsofaffin benaye suna gyarawa domin masu ƙaramin ƙarfi. A 1990 aka buɗe Joseph's House domin marasa galihu da cutar ƙanjamau ke kashewa. A 1976, da suka ga sun fara girma, suka rarraba kansu zuwa ƙananan ikkilisiyoyi da gangan. Cosby ya rasu a watan Maris na 2013 yana da shekara 95, a cikin Christ House.

Abin da ya fi kama ni shi ne yadda suke tantance kira, domin mu a wurinmu kowa na iya tashi ya ce Ubangiji ya yi masa magana, kuma ba mai iya musa masa. Su a wurinsu, in wani abu ya hana ka barci, ka yi addu'a a kai ya ƙi barinka, sai ka tashi a gaban jama'a ka faɗe shi a fili. Daga nan ka jira. In mutum ɗaya ya ce shi ma abin ya taɓa shi, kun zama ƙungiya, ku fara, ko da sisi babu. In ba wanda ya tashi, ka koma ka ci gaba da jira. Ba a kafa kwamiti, ba a jiran fasto ya ɗauki nauyin. Wanda ya ji kiran shi zai ɗauki kayan.

Ɗakin wanki

Ranar 15 ga Agusta 2021 birnin Kabul ya faɗa hannun Taliban. Cikin makonnin da suka biyo baya Amurka ta kwaso 'yan Afghanistan fiye da dubu saba'in, kuma da yawansu ta Dulles suka shigo. Bayan sun yi watanni a sansanonin soja, aka rarraba su. Wasu aka kai su Alexandria a Virginia, wasu aka kawo su gidajen haya na Riverdale da Hyattsville da Landover, wato tsakiyarmu.

Wata Asabar cikin hunturun nan na tarar da wata mata a ɗakin wankin benenmu, da ƙullin kaya a zane da yara biyu riƙe da gefen mayafinta. Tana ta jujjuya takardar dala a gaban injin da kati kawai yake karɓa. Na yi mata sallama irin wadda duk ɗan Zariya ke yi, Musulmi ko Kirista, ba tare da tunani ba. Ta juyo da sauri, ta amsa cikakkiya har da wa barakatuhu, sai hawaye. Ba ta jin Turanci, ni kuma ba na jin Dari. Amma da na nuna garin wanki na ce sabulu, ta ce sabun. Daga baya muka gano shayi da chai, duniya da dunya, Juma'a da zakka da halal duk namu ne tare. Larabci ya bar mana gado ɗaya, ita ta can gabas, ni ta hanyar Sahara.

Da na fara shiga gidanta sai na ga wani abu da ban taɓa ɗauka da daraja ba. Masu aikin sa-kai na cocin Turawa suna zuwa, mutanen kirki, da kujeru da barguna da tukwane. Amma namiji zai ƙwanƙwasa ƙofa mijin ba ya nan, ya miƙa wa matar hannu. Za a kawo kwalin abinci da naman da ba su san yankansa ba, su karɓa da godiya, su rasa yadda za su yi da shi. Za a sa musu ganin likita ranar Juma'a da azahar. Ni kuwa ba wanda ya koya mini waɗannan a aji. Na tashi da ƙawaye masu azumi, na san ba a miƙa abu da hagu, na san a bakin ƙofa ake barin takalmi, na san in mai gida ba ya nan mijina a mota zai jira. Kirista Bahaushe ya san zama da Musulmi kamar yadda ya san hanyar rijiyar gidansu. A duk faɗin Washington da kewayenta, Kiristocin da suka san wannan ba su da yawa, kuma mu da muka sani muna can muna cin waina da junanmu.

A lokacin, hukumomin da ke tsugunar da 'yan gudun hijira tallafin kwana 90 suke bayarwa na farko. Bayan nan kuɗin haya na kan mai gida, wanda a Kabul direban sojojin Amurka ne, a nan kuma ba shi da lasin. Takardar zamansu ta shekara biyu ce, sai sun nemi mafaka ko wata biza kafin ta ƙare. Wasiƙu suna ta zuwa daga makaranta da asibiti da ofishin shige da fice, suna tara su a cikin leda. Kuma ba su kaɗai ba ne, gida biyar ne a rukunin benayenmu.

Abin ya hana ni barci makonni. Sai na yi irin ta mutanen titin Columbia.

Abin da aka ce a zumunta

Ranar taron zumuntar mata, bayan an ajiye tulu da caki, na tashi na faɗi abin da ke raina. Na ce ina neman wadda za ta ba da safiyar Asabar, mu riƙa shiga gidajen nan, mu karanta musu wasiƙu, mu kai matan asibiti, mu koya musu hawan bas. Ɗakin ya yi tsit.

Wata dattijuwa da dukanmu muke kira Mama, wadda 'yarta ta kawo ta renon jikoki, ta gyara ɗaurin ɗankwalinta ta ce, "'Yata, kin san inda ɗana yake kwance?"

Na ce, "Na sani, Mama."

A rikicin Kaduna na Fabrairun 2000 aka kashe shi, yana dawowa daga makaranta. Rikicin ya ci Musulmi ya ci Kirista, kuma na tabbata a cikin masu karanta wannan akwai uwar da ɗanta ke kwance a ɗaya gefen garin. Mama ta ce, "Na gudo nan don in huta. Yanzu ki ce in ɗauki abinci in kai musu?" Ba wanda ya ce mata ai waɗannan ba su ne ba, ai su ma gudowa suka yi. Ta san haka sarai. Ciwo ba ya karanta taswira.

Wata ta kawo maganar lokaci, kuma tana da gaskiya. Asabar ita ce ranar ƙarin aiki, kuma kuɗin ƙarin aikin nan shi ne kuɗin makarantar ƙanne a gida, shi ne maganin hawan jinin tsoho, shi ne bulon da ake ɗorawa a fili a Gonin Gora. Wata kuma ta ce in taimako ne, ga 'yan gudun hijira a Borno da Binuwai da kudancin Kaduna, namu na jini. Fastonmu, da na same shi daga baya, tambaya ɗaya ya yi: "'Yar'uwa, kina ganin za su zo sujada?" Na ce, "Baba, ban sa rai ba." Ya yi shiru, sannan ya ce in je, zai yi mana addu'a.

Mutum ɗaya ce ta tashi. Wata ɗaliba daga Maraɗi da ke karatu a Jami'ar Maryland a College Park, wadda ko mota ba ta da ita. Ta ce, "Yaya, ni zan bi ki." Mun zama biyu.

A watannin nan na sha komawa kan labarai biyu. Na farko na Yunusa ne, wanda Musulmi ma suka san shi. A Littafi Mai Tsarki, abin da ya sa ya gudu daga Nineba ya fito fili a sura ta ƙarshe: ya san Allah mai jinƙai ne, yana tsoron kada a gafarta wa mutanen da shi bai so a gafarta musu. Na biyu na Bitrus ne a Ayyukan Manzanni sura 10. Daga Yafa zuwa Kaisariya tafiyar yini ɗaya da 'yan kai ce a ƙasa, ba wani nisa ba. Wahalar tana bakin ƙofar Karniliyus, hafsan sojan Roma, sojan da ke mulkin mallaka a ƙasar Bitrus, mutumin da Bayahude ba ya cin abinci a gidansa. Bitrus ya shiga, ya kwana, ya ci. Da ya koma Urushalima, 'yan'uwansa masu bi ne suka tare shi da tuhuma. Wannan sashen ba a cika yin wa'azi a kansa ba.

Ga 'yan'uwana Musulmi da ke karantawa da ɗan zargi a rai, na san tambayarku, kuma ba laifi ba ne ku yi ta. Ba mu ɓoye ko su wane ne mu ba. Mai gidan ya tambayi mijina ta bakin ɗansa me ya sa muke wannan wahala, ya ce masa mu mabiyan Almasihu ne, shi ya umarce mu da baƙo da maƙwabci. Iyakar abin ke nan. Buhun shinkafar da aka ɗaura wa sharaɗi ciniki ne, kuma ciniki da mai jin yunwa zalunci ne, ko wane addini ya yi shi. Suna nan a Musulminsu. Da ƙaramar Salla ta zo a farkon Mayun 2022, mijina ne ya kai su babban masallacin Diyanet da Turkiyya ta gina a Lanham, ya jira su a mota. A can muka haɗa su da wani Alhaji ɗan Katsina, wanda tun daga ranar ya ɗauke mana duk abin da ya shafi masallaci da mahauci.

Farashin

Na ajiye aikin Asabar. Abin da nake aikawa gida ya ragu, kuma an lura. Ƙanena ya kira ya ce, "Yaya, lafiya kuwa? Ko an rage muku albashi ne?" Da na yi masa bayani ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya ce, "To, mu ma ai 'yan gudun hijirar tsadar rayuwa ne." Zangon karatu guda sai da ya nemi rance. A coci mun saba jin shaidar da ke ƙarewa da cewa Ubangiji ya mayar ninki goma. Ni dai ba a mayar mini da dala ko ɗaya ba, kuma filin da muka saya a gida har yau harsashi ne.

Akwai gajiya kuma. Akwai ranar da muka yi awa huɗu a wani ofishi aka ce takarda ɗaya ta ɓace, mu dawo wani mako. Akwai gidan da muka yi wa hidima wata shida, suka tashi zuwa Kalifoniya ba ko sallama. Akwai matar da mijinta ya hana ta zuwa ajin Turanci, muka yi iya lallashinmu bai sauya ba.

A shekarar 2022 azumin Musulmi ya fara a farkon Afrilu, Ista kuma ta faɗo ranar 17 ga watan, saboda haka kusan mako biyu muna azumi tare, kowa da irin nasa. Wata Lahadi bayan sujada, jikan Mama ya biyo ni wurin ajiye motoci da babban fulas da roba a leda. Kunun gyaɗa ne da ƙosai. Ya ce, "Kaka ta ce ki kai musu su sha ruwa." Yaran Kabul ba su san kunu ba, sun ɗanɗana suna kallon juna, amma ƙosan ko ɓurɓushi bai rage ba. Mama ta yi haka sau uku a azumin. Har yau ba ta taka gidajen ba, ba ta tambaye ni sunayensu ba, ni ma ban matsa mata ba. Da na nemi izininta kafin in rubuta wannan, ta ce, "Rubuta, amma kada ki mai da ni waliyyiya. Ban gama da Allah a kan maganar yaron nan ba."

Akwai titin da ya fi wannan wuyar ƙetarawa, kuma har yanzu yana gabanmu. Kusan duk sabon zuwa, cikin gargaɗin farko da muke yi masa akwai cewa kada ya kuskura ya ƙetare kogin Anacostia, kada ya yi hulɗa da baƙaƙen fatan Amurka. Muna faɗin haka a garin da kakanninsu suka gina da hannunsu suna bayi, a ƙasar da fafutukarsu ta share hanyar dokar shige da fice ta 1965 da ta buɗe wa irinmu ƙofa. Yaranmu suna aji ɗaya da nasu, 'yan sanda kuma ba sa tambayar yaro ko kakansa Bazazzagi ne. Mutanen Kabul sun zo mini da sauƙi ta wani gefen, domin na san gaisuwarsu. Waɗannan kuwa addininmu ɗaya da yawancinsu, cocinsu na kallon namu, amma shekara goma sha huɗu ban ga mun yi sujada tare ba sai a jana'iza.

Ɗaliban da ke Howard ko College Park ko George Mason sukan tambaye ni ta ina za su fara, tunda ba mota ba kuɗi. Christ House na karɓar masu taimako a kicin. Central Union Mission, wadda ke aiki tun 1884, tana kusa da tashar Union, jirgin ƙasa na kai mutum har kusa da ƙofa. Ƙungiyar SOME, da wani limamin Katolika, Horace McKenna, ya fara a 1970, tana ciyar da mutane kowace safiya. Ba sa tambayar addinin mai wanke kwano. Kafin duk wannan ma, akwai ɗakin wankin benenku.

Yanzu mu shida ne, biyu daga cikinmu Musulmi, matar Alhajin nan da ƙanwarta. 'Yar Maraɗi ta gama karatu ta koma Nijar. Gidajen da ke cikin littafinmu sun haɗa da na 'yan Kamaru da 'yan Kongo da wata 'yar Habasha mai 'yan biyu. Matar ɗakin wanki tana ɗinki a gida, ita ce ma ta ɗinka mana ankon zumunta na bara, kuma ta karɓi kuɗinta cif. Sau biyu tana faɗuwa jarrabawar tuƙi a wajen ajiye mota da baya. Asabar mai zuwa ƙarfe takwas za mu koma karo na uku, da motata.